Madarar 'Yar Fari

"Ga ta nan, ga ta nanku, ta taho da ƙwarya a ka."

"Ta zo mu ji ta, Iya, mu taya ta saukewa!"

To, ku matso kusa. Kai Sallau, maigidana, janye ƙafarka daga kan zanena. Miji sai cin tuwo, ba ya ko sannu da aiki. Ladidi, bar tsokanar ƙanenki ki buɗe kunne.

A wani ƙauye an yi wata mata, sunanta Tasalla. Marainiya ce. Uwarta ta rasu tun tana goye, ta tashi a hannun yayyenta maza. Maza kuwa kun san su. Za su ciyar da ke, su tufatar da ke, amma zancen mata ba ya bakinsu. Da ta girma ta auri wani manomi, Nomau, mutumin kirki mai ƙarancin magana. Shi ma uwarsa ta riga mu gidan gaskiya. Ranar tarewa yayyenta suka ba ta saniya guda, fara tas, ana kiranta Gudale.

Allah ya ba Tasalla haihuwa a tsakiyar damina, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. 'Ya mace. Aka sa mata suna Marka.

Ku yaran yanzu ba ku san kunyar ɗan fari ba. A da, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In ya faɗi a gabanta sai ta kau da kai, wata ta ɗaga shi. In an yaye shi sai a kai wa kakarsa, ita ce mai shagwaɓa shi, ita ce mai ɓoye masa ɗan abin daɗi a ƙarƙashin faifai. To, Marka ba ta da kaka, ko ta wajen uwa ko ta wajen uba. Tasalla kuma ta ji ana cewa a yi kunya, amma ba wanda ya taɓa gaya mata inda kunyar ta tsaya. Sai ta riƙe ta da hannu biyu, baiwar Allah.

Aka yaye Marka, ta koma shan kunu. Kunun ma tsararo, ba komai a ciki. Kunu dai kowa ana ba shi, ba abin magana ba ne. Madara kuwa gata ce. Wadda aka gani tana ba 'yar farinta madara, a ganin Tasalla, ta zubar da mutuncinta a ƙasa.

Amma zuciyar uwa ba ta san wannan doka ba. Kullum da safe Tasalla ta ɗauki ƙwarya, ta tsuguna a gindin Gudale, tana tatsa tana waƙa a hankali. Ku amsa mini.

"Gudale fara, saki madara."

"Tsurr, cikin ƙwarya!"

"Akwai wata can a kan tabarma."

"Tsurr, cikin ƙwarya!"

"Ban san sunanta ba, ban san ta ba."

"Tsurr, cikin ƙwarya!"

"Amma in ta yi kuka, ni ke jin ciwo."

"Tsurr, cikin ƙwarya!"

Yauwa, kun iya.

A unguwar kuwa akwai wani Muzuru. Ba na gidan kowa ba ne, kuma na gidan kowa ne. Aikinsa ke nan kwanciya a kan katanga, ido ɗaya a rufe, ɗaya a buɗe. Ya san gidan da aka soya, ya san gidan da aka dafa. Ya ji waƙar Tasalla, ya lashe gashin bakinsa, ya ce, "Lallai rabona ya tsaga."

Ran nan Tasalla ta gama tatsa. Ta duba gabas, ta duba yamma, ba kowa. Ta ɗebo madara a ludayi, ta nufi bakin Marka. Yarinya ta buɗe baki. Sai ga Muzuru ya diro daga katanga, dif.

"Salamu alaikum, matar gida. A'a! Me idona yake gani? 'Yar fari ake ɗura wa madara, rana tsaka, a tsakar gida? Lallai zamani ya zo."

Tasalla ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ce, "Wa? Ni? Ai ba ita zan ba wa ba. Dubawa nake ko ƙuda ya faɗa."

Muzuru ya ce, "Na ce dai! Ke 'yar mutunci ce. To, tunda ba mai ita, kada ta lalace. Ɓarnar abinci zunubi ce."

Ya sa kai a ƙwarya, lak, lak, lak, ya shanye tas. Marka ta rufe bakinta, ba abin da ya shiga.

Washegari Tasalla ta yi dabara. Ta saɓi yarinya, ta ɗauki ƙwarya, ta zagaya bayan rumbu, inda ba mai wucewa. Ta ɗebo a ludayi. Sai ta ji murya daga saman rumbu.

"Ina kwana, matar gida? Yau kuma a nan ake karyawa?"

Tasalla ta ce, "A'a, kaji na zo ba wa."

Muzuru ya ce, "Kaji da madara? Za ki ɓata musu ciki, ki jawo wa kanki asara. Miƙo nan in rufa miki asiri."

Lak, lak, lak, ya shanye.

Rana ta uku ta shige ɗaki, ta saki asabari, ta juya wa ƙofa baya. Ta ɗora Marka a cinya. Ludayi ya kai leɓen yarinya ke nan, sai ga kan Muzuru ya ɓullo ta ƙarƙashin asabari.

"Har da ɓoyewa? Har da ɗorawa a cinya? Kai, wannan labari ya fi ƙarfin cikina. Bari in je bakin rijiya, yanzu mata sun taru."

Tasalla ta ce, "Don Allah, Malam Muzuru, ka rufa mini asiri. Ba ni da uwa a garin nan, ba ni da 'yar'uwa. In suka sa ni a waƙa, ina zan sa kaina?"

Muzuru ya ce, "Ai ni ba na son tonon silili. Bakina ne dai yake da wani hali, in ba a jiƙa shi da safe ba, sai ya yi ta surutu."

Daga ranar, kullum ta tatsa, sai ta ajiye masa ƙwarya a gindin katanga.

"Iya, me ya sa ba ta jefe shi da muciya ba?"

Kai Sallau, da baki ai kowa jarumi ne. Wanda bai taɓa zama shi kaɗai a garin mutane ba, bai san nauyin bakin mutane ba. Ni tausayinta nake ji.

Kwanaki suka yi ta tafiya. Muzuru ya yi ɓul-ɓul, wuya ya haɗe da kafaɗa, gashi sai sheƙi. Marka kuwa tana nan a kan tabarma a cikin ɗaki. Sa'o'inta sun yi rarrafe, sun tsaya, sun fara gudu suna bin awaki a lungu. Ita ko tsayuwa ta gagara. In an kama hannunta an miƙar da ita, sai ta fasa kuka, ta sulale ƙasa. Ƙafafunta suka fara lanƙwashewa kamar baka. Haƙoranta ma sun ƙi fitowa sosai. Ita kanta Tasalla, ga wani cikin ya shiga, baya na ciwo, haƙori na girgiɗi.

Wata rana Nomau ya dawo daga gona, ya zauna. Can ya ce, "Yarinyar nan fa?"

Tasalla ta ce, "Wace?"

Ya ce, "Ta ɗakin nan."

Ta ce, "Na gani."

Shi ke nan maganar. Shi ma uban 'yar fari ne, kunyar ta ɗaure masa harshe. Ya tashi ya fita, tuwon ma bai ci ba.

A maƙwabtansu akwai wata tsohuwa, Ige, mai kaɗi. Ta shigo aron wuta, ta hango Marka ta bakin ƙofa. Ta ajiye kaskon, ta shafa ƙafafun yarinya, ta girgiza kai. Ta ce, "Tasalla, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tun yana ɗanye kuma ake miƙar da shi. In damina ta sake zagayowa yarinyar nan ba ta taka ƙasa ba, ƙafar ta bushe a haka ke nan. Za ta girma tana ja da gindi. Me take ci?"

Tasalla ta sunkuyar da kai ta ce, "Abin da kowa yake ci."

Ige ta ɗauki wutarta ta tafi. Lokacin kuwa rani ya riga ya tsaya, damina ba ta da nisa.

Tasalla ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta ce bari ta nemi mai ƙashi mai ƙarfi ta tambaye shi sirrinsa. Ta fara zuwa wajen Kaza, tana tono a bola.

"Sannu, uwar 'yan tsaki. Wata maƙwabciyata ce take da yarinya, ƙashinta ya ƙi ƙwari. Ke da kike saka ƙwai da ɓawo mai tauri, me kike ci?"

Kaza ta karkata kai ta ce, "Farar tsakuwa nake tsinta, da ɓawon koɗi. Akwai wani farin abu a cikinsu. Shi ke gina ɓawo, shi ke gina ƙashi, shi ke gina haƙori. 'Yar maƙwabciyar taki tana da baki mai tsini irin nawa?"

"A'a."

"To, yi gaba, kina tare mini tono."

Ta yi gaba, har bakin daji, ta tarar da Kura a ƙofar raminta tana shan iska. Ta tsaya daga nesa.

"Sannu da hutawa, mai dawa. Wata maƙwabciyata ce take da yarinya, ƙashinta ya ƙi ƙwari. Ke da kike da muƙamuƙi kamar dutse, me kike ci?"

Kura ta ce, "Ƙashi nake gurgura. Farin abin yana ciki. 'Yar maƙwabciyar taki tana da haƙora?"

"Ba su gama fitowa ba."

Kura ta haɗiye yawu ta ce, "Ayya, ƙashi mai taushi! Kawo ta nan in duba miki ita. Ni dama gadon magani na yi."

Tasalla ta ce ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ba ta tsaya ba sai gida.

Ta zube a gindin turken Gudale, ta haɗa kai da gwiwa, ta yi kuka mai isarta. Sai ta ji numfashi mai ɗumi a ƙeyarta.

Gudale ta ce, "Kin je wajen Kaza, kin je wajen Kura, kin tsallake ni da nake ɗaure a gidanki. Wai 'yar maƙwabciya! Ni za ki gaya wa? Ni ce fa nake jin waƙarki kowace safiya."

Tasalla ta ce, "Gudale, kin san farin abin nan?"

Gudale ta ce, "Aikina ke nan. Ina tsinto shi a ciyawa, a ganye, a harawa. In narka shi a jikina, in zubo shi a madara, saboda wanda ba shi da baki mai tsini kuma ba shi da haƙori. Kullum ina zuba wa Marka, kullum ina kallo kina kai wa mai gashin baki. Ni da na haifi maraƙina na fari, a gaban duk garke na lashe shi, daga kai har wutsiya. Ba wanda ya mutu."

Tasalla ta ce, "Na yi kuskure. Yanzu zan tatsa in ba ta."

Gudale ta ce, "Tatsa ki gani."

Ta ɗauko ƙwarya ta tatsa. Abin da ya fito ɗan kaɗan ne, tsararo, kamar ɗaurayar ƙwarya. Har gindin ƙwaryar ake gani ta cikinsa.

Gudale ta ce, "Kin gani? Rani ya cinye ciyawa. Abin da na tara a jikina kuma duk ya tafi cikin Muzuru. Sabuwar ciyawa sai ruwa ya sauka, ƙafar Marka kuwa ba za ta jira ruwa ba."

Tasalla ta ɗora hannu a ka. "Shi ke nan na kashe ta da hannuna."

Gudale ta shafa haƙoranta da harshe. A wancan zamani saniya tana da haƙora cikakku, sama da ƙasa, farare tas, jere reras. Duk dabbobi ba mai kyan baki kamarta, kuma ta san da haka. In ta yi dariya, har doki sai ya rufe nasa bakin.

Sai Gudale ta ce, "Akwai sauran farin abin a wuri guda. Yana bakina. Zan ba da haƙorana na sama. Ke me za ki bayar?"

Tasalla ta ce, "Zanen aurena."

"Ba na ɗaura zane."

"'Yan kunnena."

"Kin ga huda a kunnena?"

"To, me kike so, Gudale? Ko raina ne, ɗauki."

Gudale ta ce, "Ranki yana da amfani, riƙe abinki. Kunyarki nake so. Ba duka ba. Wadda ta tsaya tsakanin ludayi da bakin yarinya, ita za ki ba ni. In na zubar da haƙorana suka ƙare a cikin Muzuru, ban yafe ba."

Tasalla ta ce, "Na ba ki."

Gudale ta juya ta kama turke da baki. Ta ciza, ƙaras! Ta sake cizawa, ƙaras! Ta ciza na uku, ɓaras! Haƙoran gaba na sama suka zube a kan harshenta. Ba ta tofar ba, ta haɗiye su. Hawaye na zuba a idonta, ta durƙusa ta kwanta. Ta dawo da su baki ta niƙa, ta haɗiye. Ta sake dawo da su ta niƙa, ta haɗiye. Haka ta yini. Tasalla tana zaune a gefenta tana kore mata ƙuda.

Da gari ya waye Tasalla ta tsuguna ta tatsa. Madara ta zubo fara sol, mai kauri, har kumfa na tashi. Ƙwarya ta cika taf.

Muzuru ya diro daga katanga yana miƙa. "Kai, yau da alama an tashi da ƙafar dama. Ajiye a nan, matar gida."

Tasalla ta ce, "Yau babu."

"Me kika ce? Kunnena ya toshe."

"Na ce babu."

Muzuru ya ce, "To, bakina ya bushe. Kada ki ce ban gaya miki ba." Ya ɗage wutsiya, sai bakin rijiya.

Ba a jima ba sai ga mata sun cika gidan, wasu da tulu a ka, wasu da guga a hannu. Mai son gulma ta zo, mai son kallo ta zo. Tsohuwa Ige ma ta biyo su tana dogara sanda. Muzuru yana gaba yana taƙama.

Tasalla ba ta shige ɗaki ba. Ta fito da Marka tsakar gida, cikin hantsi. Ta zauna a kan tabarma, ta ɗora ta a cinya, ta ɗebo madara a ludayi.

Muzuru ya ce, "Jama'a, ga shi nan, ba ni na faɗa ba. 'Yar fari ce fa! A cinya! Ku tambaye ta, wa za ta ba wa?"

Tsohon halin ya taso wa Tasalla. Bakinta ya buɗe zai ce, "Dubawa nake." Sai Gudale ta yi kuka daga turke, muuu. Tasalla ta waiga, ta ga bakin nan da babu komai a samansa sai dasashi.

Ta ɗago kai ta dubi matan. Ta ce, "'Yata zan ba wa. 'Yar fari ce, ni na haife ta. Sunanta Marka. Wadda za ta sa ni a waƙa ta sa."

Ta kai ludayi bakin yarinya. Marka ta kama shi da hannu biyu, ta sha, ta sha, har tana shaƙewa. Ta miƙo shi a ƙara.

Sai Ige ta matso, ta dubi Muzuru yadda ya yi ƙiba, ta dubi ƙafafun Marka, ta gane komai. Ta saki sandarta ta zauna a ƙasa.

Ta ce, "Wayyo, 'yar nan. Ashe abin da ya faru ke nan? Wa ya gaya miki haka ake yi? Kunyar ɗan fari a baki take, ba ta shiga ƙwarya. Duk matan nan da kike gani, mun kau da ido daga namu, amma hannu yana miƙa abinci ta baya. Wadda ba ta taɓa ɗura wa ɗan farinta madara ba, ta ɗaga hannu in gani."

Ba wadda ta ɗaga. Masu gulma suka sunkuyar da kai.

Ige ta ce, "Laifinmu ne. Mun ga marainiya ta shigo cikinmu, ba wadda ta ja ta gefe ta zama mata uwa. Ki yafe mana."

Muzuru ya ga iska ta juya. Ya ce, "Ai ni dama gwada ta nake yi. Na tuba, na bi Allah na bi ku." Yana faɗa yana matsawa wajen ƙwarya. Tuban muzuru ke nan. Wata ta sauke masa guga a gadon baya, wata ta bi shi da tsintsiya. Ya yi tsalle zai haye katanga, ƙiba ta hana, ya faɗo. Sai ta magudanar ruwa ya fita, da ƙyar.

"Iya, sai Marka ta tashi da gudu?"

Ke Ladidi, ƙashi ai ba kunu ba ne da za a dama yanzu a sha yanzu. A hankali ake gina shi, kamar katangar ƙasa. Kullum da safe Marka ta sha madara. Da rana a dama mata fura da nono. Ige ta ce a daina ajiye ta a ɗaki, a riƙa fito da ita tana shan hantsi. Wannan maƙwabciya ta aiko da miyar zogale, waccan ta aiko da 'yan ƙananan kifi a daka mata har da ƙayar. Gudale kuma ta ce, "Ke ma ki sha, Tasalla. Na cikinki a jikinki yake ɗibar nasa ƙashin." Ta sha, ciwon baya ya lafa. Nomau ya sha. Ige ma ana aika mata da ɗan ƙoƙo, ta ce gwiwarta ta gode.

Marka ta fara rarrafe. Ta fara kama turmi tana miƙewa, ta saki, ta faɗi da gindi. Haƙora suka fito. Amma taku ko ɗaya ba ta yi ba. Ga shi gabas ta fara haɗa hadari. Kullum Tasalla ta dubi sama, ta dubi ƙafafun 'yarta.

Ran nan da la'asar iska ta taso, mai ƙanshin ruwa. Sama ta yi baƙi. Nomau yana gyaran jinkar rumbu. Tasalla tana gindin Gudale tana sauri ta tatsa kafin ruwa ya sauko. Marka tana can tsaye ta riƙe turmi. Tasalla ta ɗaga murya ta yi waƙarta, wannan karon ba a ɓoye ba. Ku amsa.

"Gudale fara, saki madara."

"Tsurr, cikin ƙwarya!"

"Akwai wata can ta riƙe turmi."

"Tsurr, cikin ƙwarya!"

"Na san sunanta, ni na haife ta."

"Tsurr, cikin ƙwarya!"

"Marka, Marka, taho ki sha."

Yarinya ta ji sunanta. Ta saki turmi. Ta yi tangaɗi, ta tsaya. Ta ɗaga ƙafa ta ajiye. Ta ɗaga ɗayar ta ajiye. Tasalla ta daina tatsa. Gudale ta daina tauna. Marka ta taho, tatata, tatata, hannu a buɗe, ta ratsa tsakar gida, ta faɗa jikin uwarta. Sai ga ɗigon ruwan fari ya sauka a kan ƙasa.

Nomau yana kan rumbu ya ga komai. Ya kau da kai, kamar yadda uban 'yar fari yake yi. Ya cire hularsa ya rufe fuska da ita, kafaɗunsa suna girgiza. Bayan 'yan kwanaki da ruwan, ya je ya yanko wa Gudale sabuwar ciyawar da ta tsiro a bakin rafi, da hannunsa ya riƙa sa mata a baki, saboda ba ta iya gatsa ba tukuna.

Haƙoran Gudale ba su sake fitowa ba. 'Ya'yanta ma haka aka haife su, da jikokinta. Gobe in an kawo shanu, ku ɗaga leɓen saniya ku duba. Haƙoran gaba na sama babu, sai dasashi. In kuka ga ta kwanta a inuwa tana tuƙa, ba komai a gabanta, to aikin nan take yi har yau, tana niƙa wa 'ya'yan mutane farin abin da ke gina ƙashi.

"Iya, malaminmu ya ce sunansa kalsiyam."

To, madalla, Ladidi, ashe ya samu suna. Ku kira shi yadda aka koya muku, ku dai sha.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, kunya ado ce, amma ba ta gina ƙashin yaro. Rabon yaro na madara, kada a ba baƙo, kada a ba mai baki, kada a kai kasuwa sai ya sha. In kuma kuka ga wadda ba ta da uwa tana kuskure, ku ja ta gefe ku gaya mata tun icce yana ɗanye.

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, wanda Muzuru ya bi ya kasa kamawa saboda ƙiba.